Rijiyar Baba Ta Yi Shuɗi

Jugu, 9 ga Satumba, 1969

Zuwa ga Yaya Audi, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan. Mu nan alhamdu lillahi, doya ta cika kasuwa, 'yata Rabi'a kuma cikinta ya shiga wata tara.

Yaya, maganar ɗanka Salihu ce ta ɗaure mini kai. Ya zo daga Paraku, inda gwamnati ta ba shi aiki, wai sunan aikin jeni saniter. Na tambaye shi ko likita ne, ya ce a'a. Duba-gari ne mai leƙa randunan mutane? Ya ce shi ma a'a, wai shi aikinsa raba ruwan sha da ƙazanta tun kafin ciwo ya zo. To ni dai ban gane ba. Shekara biyar a Turai, a ce mutum ya dawo yana zagaya salga da igiyar awo!

Ya auna daga salgarmu zuwa rijiyar da Baba ya haƙa wa fataken goro, ya ce taku tara ne, sai an cike rijiyar. Na yi masa tatas. Na tuna masa duk jaririn gidan nan da ruwanta ake masa wankan farko, a ɗiga masa a baki don albarka, har shi kansa. Ya je marina ya ɗebo ruwan baba tulu uku, ya juye a salga, ya koma Paraku abinsa. Bayan kwana huɗu, Yaya, na jefa guga a rijiyar, ruwa ya fito shuɗi.

Wallahi ashe ruwan salga yana shiga rijiyar. Jarirai biyu muka binne bara da gudawa, kuma da hannuna na ɗiga musu ruwan nan. Amma ta yaya sadakar Baba za ta zama cuta? Na rufe bakin rijiyar da tabarma, ga maƙwabta suna ta zuwa da guga.

Kai ne babba, ka yanke. Sai dai amsarka ta yi sauri, don in haihuwar Rabi'a ta riga ta, ban san da wane ruwa zan karɓi ɗanta ba.

Ka gaida Zinatu da Ibrahimu da kyau.

Ƙanwarka,
Tasalla