Turmus ɗina a buhu ɗaya

Laraba, 12 ga Maris, Azare

Yau na je Katagum duba turmus ɗina, farin waken nan da nake gwadawa a fadamar Baffa. Iri goma sha huɗu na shuka, kowanne a kunyarsa da sandar lamba, don in gano wanda zai jure zafinmu kuma ba shi da ɗaci. Biyu sun yi fice, wata huɗu ina bin su da awo.

Na tarar da gona fayau. Ashe Baffa ya kira gayya, wai ya ga zirga-zirga tana ba ni wahala. An tuge, an sussuke a wuri ɗaya, an sheƙe, an ɗinke a buhu. Sandunan kuwa an ɗaure mini su dami guda, kada su ɓata.

Na ce, "Baffa, ai kowane iri daban ne."

Ya ɗebo a tafin hannu ya miƙo mini. "Uwata, duba da kyau. Duk fari ne. Ko a jami'a an ce miki akwai baƙi?"

Mutanen gayya suna shan fura, suna jira in yi murna. Na durƙusa na yi godiya, har da addu'a.

Ga buhun nan jingine a ɗakina. Biyun da nake nema suna ciki, amma ba zan gane su ba sai an sake shuka baɗi. Shugaban sashenmu kuma Litinin yake jiran sakamako.

Ina so in ji haushin Baffa, abin ya ƙi zama. Kullum a bakin gonar nake gaishe shi in wuce, ban taɓa zama na gaya masa abin da nake nema ba.