Hawa na Biyar a Bakin Teku

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Tunda injin yankan katako ya cinye maka kunne, waya da kai ihu ce kawai, shi ya sa na koma takarda.

Na sauka lafiya. Na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki, gado ɗaya, kujera ɗaya, taga tana kallon bayan shagon wanki. Ba komai, na ɗan lokaci ne. Na je na ga ginin. Ana kan aiki, sai dai ba su kai inda suka ce ba. Tekun kuwa yana nan kamar yadda yake a hoton da dillalin ya nuna mini, har ya fi.

Na san har yanzu kana ganin wauta na yi da na zuba kuɗin sallamata na asibiti da na filin marigayi maigidana a gidan da ba a gina ba, a ƙasar da ba tawa ba. Amma ka duba, 'ya'yana uku, kowa da ƙasar da yake zaune. Gidanmu sun ce ya yi nisa, jikoki ba sa sabawa. Nan kuwa tsakiya ne ga kowa. In hutu ya zo, ga ɗaki uku, ga baranda, ga ni a kicin. Abin da na saya ke nan.

Ka taimaka ka biya ta ofishin kamfanin masu ginin, wanda ke kusa da tashar mota, ka karɓo mini shaidar biya ta ƙarshe. Lambar dillalin ba ta shiga.

Ka gaida mutanen gida.
Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya ƙalau, sai gwiwata da ke yi mini rashin kunya. Na ga har yanzu Auta kike kirana, ni da furfura ta gama da ni. To, na gode.

Na je ofishin. Yaya, babu ofishi. An cire allon sunan, sai ramukan ƙusa. Na leƙa ta gilashi, ƙaramin gidan kwalin nan mai fitilu da suka nuna miki yana nan a kan tebur, ƙura ta rufe shi. Na tarar da mutane a ƙofa, wata mata tana zaune a kan matakala tana kuka, wani kuma yana dukan ƙyaure kamar zai amsa masa. Mai sayar da katin waya na gefe ya ce tun watan jiya suka kwashe kujeru, ko ma'aikatansu ba su biya ba. Sai da ya maimaita mini da ƙarfi, don na ɗauka kunnena ne ya ji ba daidai ba.

Ni kafinta ne, na yi aiki a gine-gine ba iyaka. In mutum ya ce "ana kan aiki, sai dai", na san abin da ke bayan "sai dai" ɗin nan. Ke da kika shekara talatin kina faɗa wa marasa lafiya gaskiya, ki faɗa mini. Me kika gani?

Mai ɗakina tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci.
Naki, Auta.

*

Ƙanena,

Sallama da gaisuwa. Allah ya ba gwiwarka lafiya.

To, ga abin da na gani. Gidana a hawa na biyar yake. Ginin a hawa na biyu ya tsaya. Rodi ya yi tsatsa yana tsaye a sama, buhunan siminti sun daskare sun zama dutse, ciyawa ta fito a inda aka ce wurin wasan yara ne. Babu lebura ko ɗaya. Mai gadi ne kawai, shi ma ya ce don ba shi da wurin kwana yake zaune.

Na roƙe shi ya bar ni in hau. Ya ce, "Mama, matakalar ba ta da makari." Na ce na ji. Na hau a hankali har inda ta ƙare, na tsaya na ɗaga kai. Auta, na daɗe ina kallon sama ina cewa nan ne falona, nan ne ɗakin jikoki. Tsuntsaye ne ke wucewa ta ciki.

Akwai wasu masu saye irina, muka haɗu muka je wurin lauya. Ya ce kamfanin ya karye tun kafin in yi biya na ƙarshe. Da kuɗinmu suke toshe ramin wani ginin da suka fara a wani gari. Filin ma sun jinginar da shi a banki, don haka in kotu ta sayar, banki ne gaba, sai 'yan kwangila, mu ne ƙarshen layi. Ya tambaye ni ko na sa lauyana ya duba takardun kafin in sa hannu. Na ce lauyan kamfanin ne ya duba mini, kyauta. Sai ya gyara tabarau.

Da yamma ina zuwa bakin ruwa in zauna a benci. Iyalai suna wucewa da yaransu, ba wanda ya san ni, harshensu ma ba na ji. Jiya babban ɗana ya kira, yana tuƙi, ya ce, "Mama, ya gidan?" Na ce teku kusa yake sosai. Ya ce madalla, zai sake kira.

Kada ka gaya wa 'ya'yana. Ina roƙon ka. Bari in ga abin da kotu za ta ce.

Yayarka.

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ki yi mini faɗa in kin dawo, na shirya. Na gaya musu.

Na karanta wasiƙarki a shago, na ajiye guduma. Ke kaɗai a kan matakalar da ba makari, ki ce in yi shiru? Da kin zame fa, wa zai san 'yar wace ce, uwar wa ce? Na sa mai ɗakina ta kira su, ita tana ji tana faɗa mini.

Ba zan ɓoye miki yadda aka yi ba. Babban ya yi ta tambayar nawa ne, nawa ne, ya ce ai ya so ya yi magana tun farko. Sannan ya ce dama bana ba za su samu zuwa ba, baɗi ma sai abin da hali ya yi. Ƙaramin bai ɗauka ba, mun bar masa saƙo. 'Yarki kuwa kuka ta yi har mai ɗakina ta taya ta. Ta ce, "Kawu, ni ban san don mu Mama ta yi ba. Na ɗauka hutu take so."

Kuɗi sun tafi, Allah ya mayar da alheri. Wanda ya cuce ki kuma shi da Allah. Amma ba kuɗin ne ke ci mini rai ba. Gidanki na nan garin ne, da kike kulle ƙofa tun la'asar, kina dafa abincin mutum ɗaya a tukunyar mutum goma. Ɗakin da ke saman shagona babu kowa. Zan share, in yi fenti, in haɗa miki gado da hannuna. Teku dai babu, amma hayaniya sai kin ce ta ishe ki.

Ki bar wa lauya maganar kotu, ki dawo.
Ƙanenki.

*

Auta,

Sallama. Na ji haushinka, amma ya wuce.

'Yata ta kira. Mun daɗe muna magana, rabon da mu yi irin wannan hira tun rasuwar babanta. Mazan ba su kira ba.

Na sa hannu a ƙarar tare da sauran, lauya zai riƙa sanar da mu. Ranar Alhamis zan taso, ka zo filin jirgi da kanka.

Maganar ɗaki, na gode, amma kada ka sayi fenti tukuna. Ina so in fara shiga tsohon gidana in zauna, in ga ko zan iya zama a cikinsa ba tare da ina jiran kowa ba.

Allah ya sada mu da alheri.
Yayarka.