Jarumina Ba Ya Sallama

Azare, daren Laraba

Yau Inna ta kunyata ni, kuma da gaskiyarta. Na nuna mata gem ɗin da na daɗe ina haɗawa a kwamfuta, ina jiran yabo. Ta zuba ido tana kallo, jarumina ya faɗa gidan mutane, ya farfasa tukwane yana neman makami. Sai ta ce, "Kai, ɗan gidan waye wannan? Ba sallama, ba gaisuwa, sai ɓarna?"

Jaruman da muka tashi muna bugawa a shagon gem duk na san asalinsu: wannan an kashe masa uba, wancan an kore shi daga garinsu. Nawa kuwa kwaikwayo kawai na yi, ko uwa ban ba shi ba.

Abin ya ci min rai, amma ba zan goge shi ba. Daga yau jarumina ɗan garin Chinade ne, uwarsa maginiyar tukwane ce, ya san wahalar da ake sha kafin tukunya ta fito daga wuta. Gobe zan gyara ƙofofin gidajen cikin gem ɗin. Duk wanda bai danna sallama ba, ko shi ne gwanin Azare, a waje zai kwana.