Sarkin Pawa a Ƙasan Shafi

Talata da dare, Garwa

Na gama saka tarihin dattawan mahauta a shafin ƙungiyarsu na intanet. Don ladabi na fara da Sarkin Pawa, na ƙare da Bappa, ƙaraminsu. Da na duba, Bappa ne a sama, Sarki can ƙasa. Wai sabon rubutu ke hawa kan tsoho.

Sarki ya kira ni: "Malam Isa, duk bokon naka, ni za ka binne? Gyara kafin gobe, ko mu nemi wani."

Ni da na koyar a lise, babbar sakandare, ga inda na ƙare. Na kasa ganewa. Sai na bar babba ƙarshe kafin ya zo farko? Na goge duka, amma hannuna ya ƙi farawa da Bappa.