Karas Kifi Ne, Ba Kaza Ba

Zuwa ga Mai Girma Likita, Shugaban Asibitin Dabbobi na Ƙaramar Hukumarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ya aiki, ya fama da jama'a da dabbobinsu? Allah ya taimaka.

Sunana Sa'adatu, ina aji biyar a sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo. Ban taɓa rubuta wa babban mutum wasiƙa ba, wannan ma sai da na kwafe ta sau uku. Sau biyu na zo ofishinka aka ce kana taro. Ko da na same ka ma, ban tabbata zan iya magana ba, domin ni ko a aji, idan na san amsa, a kan benci nake faɗa wa ta kusa da ni ita ta ɗaga hannu. Shi ya sa na zaɓi takarda. Na kuma bar ta a buɗe ne domin abin da ya faru a gaban jama'a ya faru.

Ga asalin maganar. Malamarmu ta ilimin halittu, Malama Rabi, ta ajiye mana wani ɗan kifin ado a akwatin gilashi a ɗakin gwaje-gwaje. Tsawonsa bai wuce yatsana na tsakiya ba, kalarsa kuma ta sa 'yan aji suka raɗa masa suna Karas. Da aka zo dogon hutu, Malama ta ce ni zan tafi da shi gida, wai ta lura ni ce ke goge gilashin ba tare da an sa ni ba. A gaban kowa ta ce, "Amana ce, Sa'adatu. Ki dawo mana da shi da ransa, ki kuma rubuta duk abin da ya same shi, ke za ki karanta wa aji." Ranar ce karo na farko da aka zaɓe ni a wani abu. Litinin ta sama za mu koma makaranta. Ga ƙorafina daki-daki.

Na ɗaya. Zan fara da laifin gidanmu, don kada a ce na ɓoye. Malama ta ba ni abincinsa a ɗan gwangwani, ta ce abin da yatsu biyu suka ɗauka ya ishe shi, safe da yamma. Amma kakata, wadda muke kira Iya, da ta ga haka sai ta riƙe baki ta ce wane irin gida ne ake ba baƙo 'yar dusa a bakin farce, so nake a yi da mu a gari? Tun daga ranar, da na juya baya sai ta gutsura masa tuwon dawa. Umma tana jefa masa shinkafa. Baba idan ya dawo daga lambu sai ya marmasa masa ƙuli-ƙuli. Kowa yana zaton shi kaɗai ke wannan alherin a ɓoye. Matan maƙwabta ma da ke zuwa kallo ba sa zuwa hannu sake. Ruwan ya koma kamar ƙasari. A sati na uku wani farin abu ya tsiro wa Karas a gefen jiki, mai gashi-gashi kamar funfunar da ke fitowa a kan kwantan tuwo. Ya daina yawo, ya lafe a ƙasa, yana goga jikinsa a jikin tsakuwa.

Iya ta duba ta ce makero ne, in riƙe mata shi ta shafa masa man kaɗe. Kawu Sule, ƙanin Baba, ya leƙa ya ce shi ya san maganin, kasko ne da ɗan yaji. Ni kuwa na ce asibiti za mu, tunda gwamnati ta gina wa dabbobi nasu.

Na biyu. Ranar Alhamis da safe Baba ya ɗauke ni a babur, ina rungume da bokiti, ruwa yana fantsamo min a hijabi. Na bi layi tsakanin wani dattijo mai bijimi da kumburarriyar ƙafa da wata mata mai awaki biyu. Ɗaya daga cikin awakin ta kusa shanye ruwan mara lafiyata. Da layi ya zo kaina, malamin da ke yankan kati ya leƙa bokitin, ya dube ni, ya sake leƙawa, sannan ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Ya tambaye ni, "'Yammata, wannan na ci ne ko na kallo?" Na ce na karatu ne, amma ina jin muryata ba ta kai masa ba.

Ya buɗe babban littafinku ya nuna mana layukan da ke ciki: shanu, tumaki, awaki, jakuna, kaji. Babu kifi. Ya ce doka ce ba a ganin dabba sai da kati, ba a kuma yanka kati sai dabbar tana da layi. Baba ya roƙe shi ya duba mana hanya. Sai ya ciji biro ya yi lissafi a fili: ba shi da kofato, ƙarami ne, kuma danginsa ƙwai suke yi. Nan take ya rubuta, "Kaza ɗaya, ja, ciwon fata," ya buga hatimi. Ranka ya daɗe, bai zage ni ba, kuma na san taimako ya yi niyya. Amma zango guda Malama Rabi ta yi tana koya mana rabe-raben halittu, shi kuwa ya rushe shi kafin biro ya bushe.

Na uku. Da yake ba ka nan, wani ma'aikaci ne ya duba mu, shi kuma katin ya bi, ba bokitin ba. Ya tambaye ni ko tana gyangyaɗi, ko tana sakin fiffike, da kalar kashinta. Daga nan ya ba ni garin magani a leda, ya ce in riƙa zubawa a ruwan shanta. Ranka ya daɗe, ruwan shan Karas shi ne ɗakin kwanansa, shi ne tsakar gidansa, shi ne kuma, a gafarce ni, banɗakinsa. Na ji tsoro ban zuba ba. Ledar tana nan a jakata ko buɗe ta ban yi ba.

Na huɗu. Washegari Baba ya kai ni bakin madatsar ruwa ta Watari, inda yake noman tumatir, wurin wani tsohon masunci da ake kira Baba Ɗanlami, wanda yanzu ya koma kiwon tarwaɗa a kwami. Shi bai yi dariya ba. Ruwan ya fara ɗiba ya sunsuna, sannan ya ce, "Jikata, mutum nawa ke ciyar da kifin nan?" Na ce ni kaɗai. Sai na ga Babana ya fara gyara madubin babur da babu abin da ya same shi. A nan asiri ya fara tonuwa.

Baba Ɗanlami ya ce ba kifin ne ya fara ciwo ba, ruwan ne. Ya ce in mayar da shi roba mai tsabta wadda sabulu bai taɓa ba, in zuba ruwan da ya kwana a ajiye, in narkar da gishiri zalla gwargwadon da ya auna min a murfin kwalba. Kullum in kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan in zuba sabo da gishirinsa daidai, kada in taɓa fatarsa da busasshen hannu, kada kuma a ba shi komai sai bayan kwana biyu.

Wannan na ƙarshen shi ne yaƙin. Iya ta ce, "A gidana a ce baƙo mara lafiya ya kwana da yunwa? Ko kunu ba za a dama masa ba?" Na rubuta sanarwa na manna a jikin robar, sai na tuna Iya ba ta karanta boko. Dole na kife rariya a kai na ɗaure da igiya. Na yi kuka a kwana na uku, domin har lokacin yana kwance, na fara tunanin da wane ido zan kalli Malama. A kwana na biyar ya taso ya karɓi abinci. A na tara farin abin ya kaɗe, ya bar ɗan tabo kamar ƙwayar wake. Yanzu yana zagaye akwatinsa kamar shi ya biya kuɗin gilashin. Alhamdu lillahi.

Na biyar, kuma wannan ne ya sa na ɗauki biro. Laraba da ta wuce ma'aikatanka suka zo ƙauyenmu rigakafin cutar kaji, wanda ake ɗiga musu a ido. Sun zauna a ƙofar gidan mai unguwa da jerin sunayen da suka kwafo daga babban littafin nan. Kowa ya hallara da kajinsa, sai na ji an ɗaga murya, "Ina kazar Sa'adatu, ja, mai ciwon fata?" Na matsa kusa na ce a hankali ai kifi ne. Mai riƙe da takarda ya ce shi kaza ya gani a rubuce, kuma ba zai koma ofis da layi a buɗe ba. Kawu Sule, maimakon ya cece ni, sai ya ce in ɗauko shi kawai, ai aikin ma zai fi sauƙi tunda ba ya ƙifta ido. Wurin ya kaure da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Iya ce ta fitar da ni. Ta tura min jar kazarta a hannu, wadda aka riga aka ɗiga wa, ta ce, "Ga ta nan, ta warke." Aka sake ɗiga mata, aka ja layi. Kazar ba ta yi komai ba, ta dai yi mana kallon banza har yamma. Amma ni abin yana damuna, domin ban saba a yi ƙarya da sunana ba. Yanzu ko rijiya na je sai a ce ga mai kaza mai iyo. Sun kuma ce za su dawo zagaye na biyu, kuma Iya ba ta da wata jar kazar da za ta ara min idan wannan ta shiga tukunya.

Ranar Litinin zan tsaya a gaban 'yan aji in karanta rahotona, kuma Malama ta ce duk takardar shaida a manna a ciki. Takardar hukuma ɗaya tak nake da ita, ita kuma ta ce abin da na yi jinya kaza ce. Na riƙe amanar ransa, ina so in riƙe ta sunansa.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi:

A gyara katin kafin Litinin, a rubuta kifi, a buga hatimi. A kuma cire shi daga jerin kaji, domin a yanzu kajin ƙaramar hukumarmu sun ƙaru da guda ɗaya wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba.

A ƙara layin kifi a littafin. Na lura akwai fili kamar faɗin yatsu biyu a gefen layin kaji, ina kuma da rula idan ana buƙata. Ba don Karas kaɗai ba. Masu kiwon tarwaɗa suna ƙaruwa a yankinmu, kuma nasu kifin abincin iyali ne.

A gayyaci irin su Baba Ɗanlami su zauna da ma'aikatanka ko da yini guda ne.

Kada a yi wa malamin kati faɗa. Littafin da aka ba shi ya bi.

A ƙarshe, idan ka samu sarari kafin mu koma, ina gayyatarka ka zo ka ga mara lafiyar da idonka, ka tabbatar ba shi da baki mai tsini ko tukku. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka zo masa da tsaraba. Kai dai ka zo da yunwa, domin tun ranar da na ɗaure rariyar nan Iya take neman baƙon da za ta juye wa rabon Karas.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci iyalinka, ya ba da lafiya ga duk abin da aka kawo asibitinka, mai kofato da mai fiffike da mai iyo.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Sa'adatu, mai jinyar Karas.