Wata Bakwai a Cikin Durowa

Garin Anna Regina, 9 ga Satumba

Ƙanena Imtiaz,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da mutanen shago. Ka yi haƙuri da na dame ka, na san aikin daji ba ya barin mutum ya zauna karatu. Wayarku ba ta shiga, shi ya sa na ba direban motar da ke kai muku mai wannan takarda.

Maganar babur ɗin nan mai ƙafa huɗu ce, na maigidana marigayi Ayube, wanda ka tafi da shi bayan rasuwarsa. Don Allah kada kowa ya sake hawansa.

A watan Fabrairu wata wasiƙa ta zo da sunan Ayube. Ka san yadda malaminmu na makarantar masallaci ya hore mu, ba a leƙa wasiƙar wani sai da izininsa. Na yi ta jujjuya ta, na rasa wurin wa zan nemi izinin, sai na sa ta a durowa. Jiya 'yata Shameeza tana gyaran ɗaki ta gan ta. Ta ce, "Mama, Baba kike jira ya dawo ya ce ki buɗe?" Ta farke bakin ambulan ɗin a gabana.

Daga kamfanin babur ɗin ce. Sun ce wasu baburan an yi musu sandar sitiyari da ƙarfe marar ƙwari, tana iya karyewa ana cikin tafiya, a juya kai tayoyi su ƙi bi. A daina hawa, a kai wa dillalinsu a babban birni Georgetown ya canza kyauta. Akwai lamba a jikin ƙarfen, bayan tayar gaba ta hagu. Ka gwada ta da lambobin baburan da abin ya shafa, waɗanda na kwafa maka a bayan takardar nan, sau uku na duba su.

Tun jiya direbanka Cleophas nake tunani, da gangaren nan da ka ce yana sauka da buhunan kaya. Wata bakwai, Imtiaz. Ban san da wane ido zan kalle ka ba.

Yayarka,
Nazmoon

Garin Mahdia, 16 ga Satumba

Yaya Nazmoon,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, sai sauro.

Da na fara karantawa dariya na yi, na ce duk faɗin Guyana Yaya ce kaɗai za ta nemi izinin mamaci. Sai na zaga bayan shago, na kankare taɓo, na duba lambar. Ita ce ta huɗu a jerinki. Dariyar ta tsaya nan.

Babu mai hawansa. Tun watan Mayu yake ajiye, ban faɗa miki ba ne don kina cikin jimami. Cleophas ya faɗa rami da shi a gangaren nan, kafaɗarsa ta karye. Da aka kawo shi sai cewa yake, "Maigida, na juya kai, bai juyu ba." Ranar Asabar ce, masu haƙar zinariya sun cika ƙofar shago. Na ce, "Kanka ne dai bai juyu ba, giyar rogo ke tuƙa ka!" Aka kwashe da dariya. Ya ce, "Shekara shida rabona da ita." Na ce ya kwashe kayansa. Na ga sandar a karye, na ɗauka faɗuwar ce ta karya ta.

Har yau babu mai ba shi ko baro ya tura. Giyar Rogo suke kiransa. Yana gida a ƙauyensu Campbelltown, matarsa ke riƙe da su da 'yar gonarta.

Zan aika masa buhu biyu na shinkafa, a ce daga masallaci. A bar maganar haka, Yaya. In na tsaya gaban mutanen nan na ce na yi kuskure, ba zan ƙara iya tsawata wa kowa a garin nan ba.

Ki gaida Shameeza.

Ƙanenki,
Imtiaz

Anna Regina, 23 ga Satumba

Imtiaz,

Assalamu alaikum. Na karanta takardarka.

Ka aika shinkafar, amma kada ka ce daga masallaci, ƙarya ce. Kuma ba shinkafa muka raba shi da ita ba.

Ba zan matsa maka ba, daga hannuna abin ya faro. Na yi magana da direban motar mai, zai ɗauke ni daga Georgetown ranar Alhamis ta makon jibi. Ya ce tafiyar ba ta tsofaffi ba ce, na ce na ji. Ranar Asabar, in ƙofar shago ta cika, zan tsaya in karanta wasiƙar kamfanin, in faɗi watan da ta zo da wadda ta ajiye ta. Ka san muryata ba ta zuwa nesa. In ka tsaya kusa da ni kana maimaitawa, za su ji. In ba ka tsaya ba, zan karanta sau biyu.

Ka je wurin Cleophas da kanka, ka tambaye shi ko zai yarda ya zo. In ya ƙi, yana da gaskiya, ni zan je ƙofarsa.

Don Allah ka ba ni amsa da wuri.

Yayarka,
Nazmoon