Tanata tana ɓacewa, miyarmu tana ƙara kifi

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye sunana, wanda nake zargi yana cikin group ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni ɗan sakandare ne a Argungu, ina kiwon tana a rabin durom bayan madafa. Malaminmu na aikin gona ya koya mana, ka zuba mata ɓawon dankali da ragowar ganye da busasshen kashin shanu, ta cinye ta mayar maka taki baƙi wuluk. Baba ya ce in takin ya nuna kafin dashen albasa zai ba ni fangali ɗaya a fadamarsa ta Augie, in bai nuna ba durom ya koma na jiƙa dusa.

Da farko tana ta yi ƙiba har kaji suka fara gaishe ni. Sai ta soma raguwa. Malam ya ce tsami ne, wai ita tanar da fatarta take numfashi, in wurin ya yi tsami fatar ke zafi, ta daina ci, ta hau bango ta gudu ko ta mutu. Ya ce in daina sa ɓawon lemu, in barbaɗa dakakken ɓawon ƙwai. Na yi. Ashe Kaka ruwan tsamin kamu take sheƙawa a cikin durom ɗin, da na yi magana ta ce tun Kebbi na cikin jihar Sakkwato nan take zubar da ruwanta, ni ne baƙo. Na ja durom gefe, warin tsamin ya tafi.

To amma tana ba ta daina ɓacewa ba, kuma ban taɓa ganin gawa ko ɗaya ba. Wanda kuma ya fi kowa cewa tsami ne, Yaya, ɗan kawuna da ya zo daga Gulma, mutumin da bai san me ake nufi da tsamin ƙasa ba sai da na faɗa masa. Kullum da ƙugiyarsa yake fita, ba ya haƙa ko'ina, ya dawo da tarwaɗa. Na tambaye shi abin da yake sa wa ƙugiya, ya ce baiwa ce ta gado.

Masana, tsami yana ɓatar da tana har da gawarta? In na kai ƙara wurin Baba babu shaida, kuma Yaya ni yake ajiye wa kan kifin. In yi shiru in rasa fangalin albasa, ko in yi magana, alhali da alama rabin tanar nan ni na cinye ta a miya?